Kyandir ɗin Kosara

Zumreta ta fizgo durowar ƙarshe ta zazzage ta a ƙasa. Maɓallai ne da tsofaffin cokula, babu kyandir ko guntu.

"Kyandir," tsohuwa Kosara ta sake faɗa daga kan gado, muryar kamar ta fito daga rijiya. "Kar ki bari in tafi a duhu, 'yar nan."

Rana tsaka ce, haske har kan bargonta. Amma Zumreta ta san duhun da take nufi. A wajen mutanen Kosara, wanda ya cika babu kyandir mai ci a hannunsa, lalube zai yi ta yi a can. Kosara kaɗai ce Kirista da ta rage cikin Musulmin ƙauyen nan na bakin kogin Drina tun bayan yaƙi, katanga ɗaya ta raba gidanta da na Zumreta.

Ta riga ta kira Radoje, ɗan tsohuwar, a Belgrade. Wai gobe zai taho da limamin coci, kuma kada hannun "mutanen nan" ya taɓa masa uwa. Gobe! Shekara nawa mutanen nan suna dama mata kunu, suna juya ta a gado, yana can yana aiko gaisuwa ta waya? Zumreta ta kashe wayar tun bai rufe baki ba.

Ta fita ko takalmi babu. Ɗanta Sabahudin yana bayan gida wajen amyoyin zumansa.

"Ba ni fallen kaki ɗaya. Kosara za ta tafi."

"Ki yi me da shi?"

"Miya zan yi. Kyandir mana!"

Ya miƙe a hankali. "Haba Inna. Ke da sallarki? Kakina ba zai shiga ibadarsu ba. Kin manta waɗanda suka fitar da Baba daga gidan nan?"

"Ni za ka tuna wa? Ni na wanke jinin daga dakali, kana goye a bayana!" Ta nuna gidan Kosara da yatsa. "Kosara ce ta riƙe bindigar? Matar da ta yanke maka cibi? Kai da Radoje duk kanwar ja ce, wallahi. Shi yana tsoron hannuna, kai kana tsoron kakinka, tsohuwa kuma tana can tana mutuwa."

"Me mutane za su ce a masallaci?"

"Su zo su faɗa mini a fuskata. Matsa!"

Bai matsa ba, bai kuma hana ta ba. Ta kewaye shi ta zari falle ɗaya daga akwati, ta tsinko zare daga gefen ɗankwalinta, ta naɗe kakin a kai tana tafiya. Abin ya fito a karkace, muni kam ba a magana. Ta kunna shi da garwashin murhun Kosara.

Yatsun tsohuwar sun kasa riƙewa. Zumreta ta dunƙule mata su a jikin kyandir ɗin, ta rufe da nata hannun.

"Ga shi, Iya. Kina gani?"

Kosara ta zuba wa harshen wutar ido. "Ya karkace," ta ce.

"To ki tashi ki yi naki."

Leɓen tsohuwar ya motsa kamar za ta yi dariya. Ta ja numfashi, ta sauke, ba ta sake jan wani ba.

Zumreta ta shafa mata ido da ɗaya hannun. Kukan ma ya ƙi zuwa. Sai a lokacin ta tuna ba ta san sauran ba. Hurewa ake yi, ko bari ake ya cinye? Me ake faɗa? Duk ƙauyen babu wanda za ta tambaya, mutanen Kosara an kore su, an kashe su, sun watse.

Don haka ba ta saki ba. Ta gyara zama a bakin gadon, kakin yana narkewa yana gangarowa da zafinsa, yana daskarewa a kan yatsunsu su biyu.