Agogon Babur ɗin Rabi'u

"Ga shi nan ya sake," in ji Rabi'u. "Duba mani, Yaya Ɗangana. Lambobin sun rabu biyu."

Ɗangana ya saki tayar gaba da yake juyawa da hannu, ya miƙe ya leƙa gilashin agogon gudu. Irin na zamani ne, babu allura, sai lambobi masu koren haske. Tayar tana rage gudu, lambobin suna sauka har suka tsaya a sifili. Bai ga abin da ya rabu ba.

"Ka makara," Rabi'u ya ce. "Da ka ɗago sai shi daina. Wanga abu tsoronka shi kai."

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Yelwa, kuma rumfar da Ɗangana ke gyaran wayoyin babura a ƙofar gidansa take. Rabi'u ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, amma ya fi ɗaukar kwandunan bandar kifi daga bakin ruwa zuwa kasuwa, wani lokaci har Wara. Abokan sana'arsa da yawa agogonsu ya mutu tun tuni, ko a jikinsu. Shi kuwa ko madubi ne ya karkace ba ya iya tuƙi sai ya tsaya ya daidaita shi.

Ba yau ya fara kawo wannan ƙorafi ba. Ɗangana ya gwada batir, ya samu wuta cike. Ya zare fis ya duba, lafiya lau. Ya kwance fitilar gaba ya ciro soket ɗin agogon, don babur da ake ɗorawa a kwalekwale ba ya rasa shan ruwa, ya goge ɗan koren tsatsar da ya gani. Ya wanke lakar da ta toshe sensar da ke karanta juyin taya. Wayar da ke kama jikin ƙarfe ma ya kankare mazauninta ya ƙara ɗaurewa. Har hawa ya yi da kansa ya bi hanyar Koko, yana faɗawa ramuka da gangan ko wata sakakkiyar waya za ta tona kanta. Agogon bai ƙifta ba.

"Yaushe ya fi yi maka?"

Rabi'u ya zauna a benci yana murza ƙeyarsa. "In rana ta take. Wani bi lambar ta dushe, wani bi gefen hagu shi ɓace ɗungum, sai in ga rabin gilashi."

"Zafi ke nan. Akwai dalmar da ke saki a ciki in ta ji rana. Bar min shi, gobe in buɗe agogon kansa."

"To, ka hutar da ni. Dama kaina sara shi kai tun safe."

Ya ajiye makulli a kan sirdi, ya taka zuwa ƙofar gidansa. Ɗangana ya ga kafaɗarsa ta bugi bakin ƙofar zaure ta hagu kafin ya shige, ya ji shi yana yi wa kansa dariya.

Washegari da hantsi, Ɗangana ya fara kwance kusoshin agogon ke nan sai ya ji muryar Murjanatu, matar Rabi'u, ta tsallako katanga tana kiran sunansa. Ba ta taɓa kiran sunansa kai tsaye ba. Ya shiga gidan ba sallama. Rabi'u na kwance a gindin randa, buta ta kife a gefensa, ruwa na bin ƙasa yana jiƙa masa riga. Bakinsa ya karkace. Idonsa a buɗe yake, yana kallon Ɗangana kamar mai son ya tambayi wani abu.

A asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta sake aunawa.

"Jininsa ya hau ƙwarai. Ya kwana biyu yana kukan ciwon kai?"

"Yana yi," in ji Murjanatu. "Sai shi ce rana ce."

"Gani fa? Bai taɓa cewa yana ganin abu bibbiyu ba, ko wani gefe ya duhunce masa?"

"Bai taɓa gaya mani ba."

Ɗangana na tsaye a bakin gado, baƙin mai bai gama fita daga yatsunsa ba. Ya buɗe baki, amma ma'aikaciyar ta riga ta juya tana kiran likita. Rabi'u bai kai la'asar ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, babur ɗin na nan a rumfa inda mai shi ya bar shi. Masu gyara na zuwa, Ɗangana na sallamarsu, da ya samu sarari sai ya koma kansa. Ya buɗe agogon, ya bi dalmar ciki ɗigo-ɗigo da tabarau a hanci. Ya fitar da babur ɗin tsakar rana ya bar shi har sirdi ya gagari taɓawa, sannan ya kunna ya tsura ido. Ya warware naɗin wayoyin tun daga wuya har ƙarƙashin tanki, yana lanƙwasa kowace yana jiran lamba ta yi rawa. So yake ya samu waya ɗaya tak da ta karye a cikin robarta. Da ya same ta, da ya san abin da Rabi'u ke gani a cikin gilashin yake. Wani lokaci yana sunkuye sai ya ji kamar an ce "ga shi nan," ya ɗago da sauri. Benci ne kawai, da warin banda da bai bar igiyar kaya ba.

Wata safiya Inna, mahaifiyar Rabi'u, ta fito da sandarta. Tun rasuwar ba ta taka ƙofar gida ba. Ɗangana ya durƙusa ya gaishe ta, ya share mata benci, ta ƙi zama.

"Ƙanensa na zuwa daga Shanga shi ɗauki babur ɗin. An ce tun ran da anka rufe ɗana kake ta fama da shi. Ka gano ciwon?"

Ɗangana ya goge hannunsa a jikin rigarsa. "Inna, babur ɗin ba shi da komai."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai.

"Ni ma kwano ya miƙo mani ya sake shi a iska," ta ce a hankali. "Na yi mishi faɗa, na ce ba shi da natsuwa." Ta gyara riƙon sandarta. "Kunna mani in ga abin da ɗana ke ta kallo."

Ya murɗa makullin. Hasken ya kawo, sifilin ya tsaya cak. Inna ta matso ta sunkuya har numfashinta ya yi hazo a gilashin. Ta kama gefen mayafinta ta goge shi a hankali, ta bi kusurwoyin da ɗan yatsa, ta goge har da shatin yatsun Ɗangana. Daga nan ta bar tafinta a kai, koren hasken na fitowa ta tsakanin yatsunta.