Lambar Gidan Hanrahan

Duk mai kiwon tumaki daga garin Hay har Balranald, ko daga barci ka tashe shi, zai karanto maka lambar wayar gidanmu. Babanmu, Merv Hanrahan, shi ke da ayarin masu askin tumaki na wannan yanki, kuma tun kafin a haife ni lambar nan ake bugawa idan gashi ya isa aski. Wayar girke ce, a manne da bangon kicin, kusa da firiji. Tun da Mama ta rasu ni ce mai ɗauka, ni ce kuma mai dafa wa ayarin abinci duk gonar da suka sauka. Sunana Noelene, kuma ban taɓa zama mace mai haƙuri ba.

Mu uku ne 'ya'yan gidan: yayana Gavin, ni, sai autanmu Kieran. Kieran yana sabon shiga aski ya yi kuskuren da ake gudu. Wani ragon iri ya fizge a hannunsa, inji ya zame ya yanke masa agara, dole aka yanka ragon a gaban mai shi. Baba ya jira har aka kaɗa ƙararrawar tashi. Sannan ya riƙe Kieran ta baya, Gavin ya kunna injin askin tumaki ya bi kan yaron da shi a gaban kowa. Injin nan ba na kan mutum ba ne. Ya ɗebi gashi, ya ɗebi fata, ya tafi da gefen kunne. Ni na wanke jinin daga katakon rumfar askin. Kafin a gama aikin gonar Kieran ya ɓace, ko jakarsa bai ɗauka ba.

Sai da shekaru suka ja kafin wayar kicin ta yi ƙara na ɗauka na ji an ce, "Noels, ke ce?" Kieran ne. Daga nan ya riƙa bugowa jefi-jefi, wani lokaci sau biyu a shekara, wani lokaci shekara ta wuce shiru. Kullum da rana, lokacin da ya san maza ba sa gida, kullum kuma da ɓoyayyar lamba. Bai taɓa faɗa mini inda yake ba. Da na ce ya rubuta lambar wayar hannuna, dariya ya yi.

"Ni da ba na iya ajiye takalmi, zan ajiye takarda? Wannan ce kawai a kaina. Tsohon yana nan?"

"Yana nan."

"To ni ma ina nan inda nake."

Tsohon ya mutu a tsakiyar hunturu, a kan kujerarsa, da gwangwanin giya a hannu. Ban yi kuka ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yi ba. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: Kieran ya bugo in ce masa Baba ya mutu, ya dawo. Gavin kuwa, da ayarin ya koma hannunsa, gaggawar sayar da gidan yake. Masu saye suka ce ba sa bukatar wayar girke, shi ma ya ce a yanke, wa ke amfani da wannan tsohon yayi yanzu. Na shiga gari na sa aka yanke layin, amma na ce su bar mini lambar, duk wanda ya buga kiran ya faɗo kan wayar hannuna. Dama da sunana layin yake tun bayan Mama. Na saka wayar a aljihun gaban rigar girkina, ko banɗaki da ita nake shiga.

Gavin bai gane abin da ya yar ba sai da lokacin aski ya kama. Ya buga sabuwar lambarsa a jikin mota da manyan haruffa, amma makiyayi ba ya canja hanyar da ya saba. Kowa tsohuwar lamba yake bugawa, ni in ɗauka, in isar wa Gavin da saƙo daidai yadda aka faɗa. Ban taɓa rage masa ko kalma ba. Sai dai maza suka fara tsokanarsa a rumfa. Tipene, ɗan ƙabilar Maori da ya fi kowa saurin hannu a ayarin, shi ne gaba-gaba.

"Oga, gobe ina muka nufa? Au, na manta, bari in tambayi mai tukunya."

Kowa ya yi dariya, ban da Gavin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma na san wannan kallon tun a fuskar Baba.

A gonar su Alcott abin ya faru, da la'asar, ana zafi kamar a mutu. Aikin aski da ƙararrawa ake yinsa. Idan an kaɗa, injuna suna tashi gaba ɗaya, ba mai ɗaga kai sai an sake kaɗawa an sha shayi. Ɗakin girki yana ɗan nesa da rumfar, amma ƙugin injunan har cikin haƙoranka kake jin sa. Ina soya naman rago na dare a babban kaskon ƙarfe, sai na ji an turo ƙofa an mayar an rufe. Gavin ne, a tsakiyar aiki, abin da bai taɓa yi ba.

"Buga wa kamfanin waya," ya ce. "Ki ce su mayar da lambar da sunana. Sun ce sai sun ji daga bakinki."

"Yaya, ana aski ka baro rumfa? Koma, shayi bai yi ba."

"Ba shayi na tambaye ki ba."

"Wane saƙo na taɓa ɓoye maka? Faɗi ɗaya."

"Lambar ubana ce. Ayarina ne. Ba zan zauna 'yan aikina suna yi mini dariya saboda wata tsohuwar tuzuruwa mai warin albasa ba."

"Lambar da ka ce a yanke? Ai da na bi ta taka, da yanzu tana hannun wani mai gyaran famfo a Mildura. Je ka aske tumaki, shi kaɗai ka iya, shi ma Tipene ya fi ka."

Bakina ke nan, ya sha ja mini. Ban ga tahowarsa ba. Ya damƙi gashina ta ƙeya ya buga fuskata da bakin tebur. Na ji haƙorina na gaba ya karye, ɗanɗanon jini ya cika mini baki. Ya ɗago ni ya sake bugawa. Kofunan shayin da na jera suka watse a ƙasa. Na ƙwala ihu, amma wa zai ji ihu a cikin wannan ƙugi? Na kai hannu na dafe aljihun rigata, shi ya nuna masa inda wayar take. Ya kayar da ni, ya ɗora gwiwa a ƙirjina kamar yadda yake danne tunkiya, ya fara ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin yatsan ya ƙi, sai ya lanƙwasa shi baya har ya yi ƙara.

"Za ki buga ko sai na bi sauran?"

"Ka kashe ni, ɗan banza. Ka kashe ni ka gani ko gawa za ta yi musu magana."

Wayar tana hannunsa ta fara ruri. Daga inda nake kwance na hango fuskarta: ɓoyayyar lamba. Da na yi shiru, wataƙila da ya ɗauka masu talla ne ya kashe. Amma tsoro ya riga hankali.

"Yaya, don Allah kar ka ɗauka. Na yarda, zan ba ka lambar, zan buga musu yanzun nan. Ba ni in amsa wannan kawai."

Ya dube ni, ya dubi wayar. A rayuwarsa bai taɓa jin na roƙe shi ba. Ya danna, ya kara a kunne, gwiwarsa tana kan ƙirjina.

"Gidan Hanrahan."

Na ga fuskarsa tana canjawa a hankali. Ban san abin da ya ji ba, ko numfashi ne, ko an fara kiran sunana aka tsaya. Sai ya yi murmushi.

"Lallai. Mai yankan rago, ashe kana raye? Gashin ya fito kuwa?"

Na tattara duk iskar da ta rage mini a ƙarƙashin gwiwarsa na kurma, "Kieran! Baba ya mutu! Ya mutu, ka dawo!"

Gavin ya sauke wayar ya kalle ta. Kiran ya yanke. Ya yi jifa da ita kan tebur, ya miƙe, ya juya mini baya yana gyara wando kamar wanda ya gama wani ƙaramin aiki.

"Ashe abin da kike gadi ke nan," ya ce. "To an gama. Tashi ki wanke fuska ki buga musu."

Na tashi. Kaskon yana kan wuta, kitse yana tafasa, naman ya fara ƙonewa. Da hannu biyu na ɗauke shi, har da karyayyen yatsan, ban ma ji zafin mariƙin ba sai daga baya da na ga fatar tafina ta saɓule. Ya waiwayo daidai lokacin. Gindin kaskon ya same shi a muƙamuƙi, kitsen ya bi wuyansa ya gangara cikin riga. Ya faɗi kan fasassun kofuna yana wani irin gurnani, yana yagar rigarsa. Na sake ɗagawa, kuma na rantse niyyata in sauke a tsakar kansa.

Tipene ne ya riƙe hannuna. Daga baya ya ce mini ya ji ihun farko, shi ne mafi kusa da ƙofar rumfa. To me ya hana shi zuwa? Tunkiya ce a tsakanin ƙafafunsa, rabi da gashi rabi tsirara, kuma mai aski ba ya sakin tunkiya a haka ko rumfar ce ta kama da wuta. Sai da ya gama ta tsaf, ya tura ta waje, ya rataye injinsa, sannan ya sheƙo a guje. Yana ba ni labarin yana kuka, ƙato da shi. Na ce masa Allah ya bar shi da tumakinsa. Har yau ban gama yafe masa ba, ko da yake na san duk cikinsu ba wanda zai yi dabam.

'Yan sanda suka zo, suka ga fuskata, suka ga yatsana, suka ga Gavin. Mota ɗaya ta kai mu asibiti. Ni a ranar aka sallame ni, shi kuma aka ɗaure masa muƙamuƙi da wayar ƙarfe, aka lulluɓe wuyansa da ƙirjinsa da bandeji. Ayarin ya ƙarasa gonar Alcott ba tare da shi ba. Wayar ba ta fashe ba, lambar kuma tana hannuna. Makiyaya suna ta bugowa, ina ɗauka da leɓe a kumbure, ina cewa mu ne, muna tafe.

Amma abu ɗaya ya hana ni sukuni. Lokacin da na yi ihun nan, layin yana buɗe ko Kieran ya riga ya ajiye? In ya ji, to komai daren daɗewa zai sake bugowa, ko wata rana in gan shi a bakin rumfa. In kuwa muryar Gavin kaɗai ya ji, to a wurinsa lambar ta koma hannun wanda ya aske shi, kuma ba zai ƙara taɓa ta ba har ya mutu. Mutum ɗaya ne a duniya wayar take kunnensa a lokacin.

Don haka na je asibitin. Na same shi a jingine, ana ba shi romo ta ɗan bututun roba. Na ja kujera na zauna, na haɗiye duk abin da ke raina.

"Yaya, ba faɗa ya kawo ni ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ba sai ka yi magana ba, ka gyaɗa kai kawai ko ka girgiza. Da na yi ihu, yana kan layi?"

Ya daɗe yana kallona. Ya sani, na gani a idonsa ya sani.

"Ka faɗa mini in ba ka lambar. Yau ɗin nan, a gabanka zan buga musu."

Gefen bakinsa da bai kumbura ba ya ɗan motsa. Sannan a hankali, yana cije zafin ƙunar, ya juyar da fuskarsa bango.