Furen Ɗoɗɗoyar Zubaida

Duk Jega Firchin babu mai shuka ɗoɗɗoya don fure sai Zubaida. Kowa ganye yake nema, a jefa a miya ko a dafa wa mai mura. Ita kuwa tushe bakwai ta jera a gindin randa, inda ruwan alwala ke gangarawa, ta ce sai sun yi fure za ta yanka ta cika kwalabe ranar walimar saukar 'yarta Fadila. Saura sati uku, kawunan suka fara fitowa, shuɗi-shuɗi. Zubaida har magana take musu.

Sai ga surukarta Iyatu daga Maiyama, ta zo duba jikoki. Iyatu fa ba ta iya zama haka kawai ba. Kafin Zubaida ta sauke tuwo, tsohuwa ta bi tushe bakwai ɗin nan ta tsinke kawunan tas, ta watsa wa kaji.

"Na gyara miki, ɗiyata," in ji ta, tana karkaɗe zani. "In kin bar hure, ganye ɗaci shikai."

Wayyo! Zubaida ta ji kamar ta kurma ihu. Amma wa zai buɗe baki gaban uwar miji? Ta durƙusa ta ce, "An gode, Inna." Ta shige madafa ta yi kukanta, ta ɗora wa albasar Aliero laifi.

Ta ci gaba da ba su ruwa dai, don ba ta iya kallon su su bushe. Kwana goma, sai ta ga abin mamaki: duk inda farcen Iyatu ya tsinke kai ɗaya, biyu sun tsiro. Ranar walima ta yanka har ta rasa kwalba, ta ari kofunan maƙwabta. Ƙamshi ya cika tsakar gida, mata na tambayar wane turare ne wannan. Daɗi ya kashe Zubaida.

Ta zaɓi dami mafi kyau, ta ɗaure da zare, ta kai wa Iyatu da hannu biyu. "Inna, naki ne. Aikin hannunki ne."

Tsohuwa ta shinshina, ta juya shi, ta yi murmushi. "Allah shi yi miki albarka."

Ta zage ganyen a faranti, ta watsa wa kaji furen.

Wannan karon Zubaida dariya ta yi har da hawaye, babu ruwan albasa.