Kaset ɗin Zuliha daga Jidda

Shekara shida ke nan da Zuliha ta bi mijinta Jidda, inda yake tuƙin tankar ruwa. Tun tafiyarta, uwarta Kulu ba ta ƙara sa ta a ido ba. Labari dai ake kawo mata: ta haihu, ta yaye, ta sake haihuwa.

Da alhazan 1986 suka dawo, Alhaji Hambali ya kawo mata saƙon 'yar: turare, dabino, da wani baƙin kaset mai faɗi. Ya ce, "Bidiyo ne, Kulu. Zuliha ce a ciki da 'ya'yanta, har magana suke yi."

Duk ƙauyen nasu na gefen Bunkure babu mai bidiyo. Kulu ta naɗe kaset a ɗankwali ta sa a kwalla. Damina ta wuce, aka saki ruwa a kanal, aka dasa tumatir har ya nuna, kaset yana nan. Wani lokaci takan fito da shi ta leƙa 'yar tagarsa, ko Allah zai sa ta ga wani abu.

A haka Monica, mai sayen man gyaɗa a wurinta, ta tarar da ita wata rana. Mijin Monica, Elias, ma'aikacin ban ruwa ne a Kadawa, kuma suna da talabijin. Da ya ji labarin, sai ya roƙi wani injiniya aron bidiyo na yini ɗaya.

Ranar Lahadi suna tasowa daga coci suka iske Kulu a ƙofar gidansu, ta ɗaura sabon zane. Elias ya durƙusa bayan talabijin, ya zare wayar eriya ya soka a bidiyon, ya jawo wata wayar daga bidiyon zuwa talabijin. Ya kunna. Babu komai sai yayyafi da shuuu.

"Ko ya lalace ne, ɗan nan? Ya daɗe a kwalla."

"A'a, Inna, ni ne na musanya ramukan."

Ya gyara, ya shiga murɗa maɓallin tasha a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can sai murya ta ɓullo daga cikin yayyafin.

"Inna, kina ganina?"

Kulu ta miƙe zumbur. Zuliha 'yar fari ce, Kulu ba ta taɓa kama sunanta ba, amma ranar kunya ta gudu. "Zuliha! Ba na ganinki, amma ina jinki!"

Elias ya ƙara murɗawa, hoto ya yi rawa ya tsaya. Babu launi, ya ce tsarin can ƙasar daban ne, ta yi haƙuri. Kulu ba ta ma ji shi ba. Ga Zuliha zaune a kan darduma, jaririya a cinya, ga wani ɗan yaro yana ɓuya a bayanta, kunnuwansa sak na marigayi kakansa. Kulu ta kai hannu ta shafa gilashin.

Minti goma sha biyu ne duka. Sau huɗu aka kalle shi. A na ƙarshen Elias ya haɗa waya da rikodarsa, ya ɗaukar mata muryar a ƙaramin kaset, tun da kafin magariba zai mayar da bidiyon.

Monica ta raka ta bakin titi neman mota. Suna tsaye, motocin tumatir suna wucewa, sai Kulu ta juyo gare ta.

"'Yar nan, tsakani da Allah, ba ki ga kamar ta rame ba?"

"Hoton ne, Inna."

Kulu ta jinjina kai. "Ba ta faɗi ranar dawowa ba. Na kasa kunne duk sau huɗun."