Hannun Hagun Baba Maƙeri

"Ba zan shiga ba, Mama. Ki ce masa na zo, na tafi."

Auta ne yake faɗa mini haka a ƙofar gidansu, jaka a kafaɗa, ƙaton mutum har da furfura a gemu, amma yana raɓe-raɓe kamar yaron da ya fasa tulu. Ni ce na dame shi da waya har ya gaji ya zo, don haka ban ga dalilin lallashi ba.

"Ka taso daga uwa duniya don ka gai da ƙofa? Wuce mu je, ubanka ba shi da sauran kwana da yawa."

Katanga ɗaya ce tsakanina da Baba Maƙeri tun ina amarya, kuma katangar ba ta iya riƙe sirri ba. A zamaninsa in ya daka tsawa, kajina ma sai sun shige akurki. Yakan ce shi ba bawan kowa ba ne, ba Fasto ba dattawan coci, abin da ransa ya so shi zai yi. Abin da ransa ya fi so kuwa shi ne duka. Matarsa ta yi ta haƙuri har Ubangiji ya ɗauke ta, yara suka watse. Auta ya fi kowa shan wuya, ya kuma rantse shi da gidan har abada.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba a bakin maƙera. Hannun daman da ya saba da guduma da bayan 'ya'ya ya koma tsumma. Ya yi wata da watanni yana zagin sama da ƙasa, daga baya ya yi tsit. Wata rana na kai masa abinci, na tarar yana dariya shi kaɗai.

"Mai Keke," haka yake kirana saboda ɗinkin da nake yi, "ashe Ubangiji bai yar da ni a bola ba, a wuta ya sa ni. Maƙeri ba ya ɓata gawayinsa a kan ƙarfen da ba ya so."

Na ce, "To Allah ya sa ka lanƙwasu, don mu dai mun ji jiki."

"Hannun daman ya karɓe," in ji shi. "Na hagun ya bar mini, ya ga abin da zan yi da shi."

Daga nan ya tsiri wata ɗabi'a. Duk lokacin da zuciya ta taso masa, sai ya cusa hannun hagun ƙarƙashin cinyarsa ya danne, har ta sauka. Matan zumunta da ke zuwa yi masa addu'a suka riƙa yi masa tsiya, wai Baba ya fara kwanci, yaushe za a ƙyanƙyashe? Shi ma ya taya su dariya. Sai dai haƙuri da mu abu ne mai sauƙi, mu da ba abin da ya haɗa mu sai gaisuwa.

Na tura Auta ɗakin. Baba yana jingine da matashin kai, ya rame sai idanu, kofin ƙarfe a gefensa. Auta bai durƙusa ba, bai gaishe shi ba.

"An ce ka zama mutumin Allah," ya ce. "Ai in hannu ya mutu kowa ma salihi ne. Kunnen nan nawa, tun ranar da ka jefe ni da awartaki bai sake jin magana ba. Uwata kuma a ɗakin girki take kukanta, don kada ka ji ka ƙara mata."

Na ga jijiyar wuyan Baba ta miƙe, irin miƙewar da na sani. Hannun hagun ya tashi ya damƙi kofin. Na ce a raina, Yesu ka taimake mu, in kofin nan ya tashi yaron nan ya tafi ke nan. Auta ma ya gani, har ya kare fuska da gwiwar hannu bai sani ba.

Baba ya ajiye kofin a hankali. Ya cusa hannun ƙarƙashin cinya.

"Gaskiya ka faɗa, ɗana. Ci gaba, na san akwai saura."

Akwai saura kuwa. Auta ya yi ta zazzagewa har muryarsa ta dishe, Baba yana zaune a kan hannunsa, gumi na tsiyaya a goshinsa.

"Da ina taƙama ba mai juya ni," ya ce daga baya, "ashe zuciya ce ke jana kamar akuya a igiya. Yau ka faɗa mini abin da ba a taɓa faɗa mini ba, kuma ni na zaɓar wa hannuna abin da zai yi. Ban taɓa jin na sake irin yau ba. Ka gafarta mini, in za ka iya."

Auta ya sauke jakarsa.

Ban taɓa jin ya ce ya yafe ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Na dai ga yana yi wa uban aski, yana juya shi a gado, suna musu a kan wanda ya fi wani taurin kai. Ni kuwa ina jin su ta katanga ina taka kekena, ina gode wa Ubangiji da ya bar ni na ga wannan da idona.

Ranar da Baba ya cika, da rana tsaka na shiga da butar ruwan zafi. Auta yana zaune a ƙasa, ya jingina da gadon, barci ya kwashe shi. Yaron da a da yake fita ɗakin nan da baya da baya, yau ya juya wa ubansa ƙeya yana minshari. Baba ya riga ya tafi. Hannun hagun yana kan Auta, a buɗe, yatsun cikin gashinsa.

Na ajiye butar a hankali, na zauna a bakin ƙofa, na bar shi ya ƙarasa barcinsa.