Akwatin da Kawu Isufu Ya Kulle

Ruwan wanka na kan wuta sa'ad da Najiba ta sake kira daga Kwatano. "Anti Jummai, kar ku rufe wa Inna fuska sai na gani," in ji ta, muryarta na yankewa.

Na ce mata ba za a rufe ba. Ni dai in na ɗauki alkawari ba na waiwaye.

Inna Delu maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ta cika da hantsi, za a kai ta bayan azahar, 'yarta tilo Najiba kuwa ko da tsuntsu za ta hau ba za ta iso Filinge ba. Rezon unguwarmu, wato sabis ɗin waya, na iya ɗaukar murya, amma hoto ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa Najiba ta aiko wa uwarta ɗan akwatin wifi mai batir, wanda ni ma nake lasa ta kan katanga ina tura wa masu ɗinki samfur. Yau da ake bukatarsa ya yi shiru.

Na kashe salula na kunna. Na cire wifi na mayar. Sunan akwatin ya fito da ɗigo ɗaya, wai an haɗa amma babu komai. Na leƙa taga inda yake zama kusa da kwalbar man zafinta, na ga wayam, har kwalbar babu. Sai na ɗaga salular na bi tsakar gida ina ratsa mata masu zaman makoki. Wajen rijiya ɗigon ya ɓace, wajen ɗakin ajiya ya zama biyu. A ciki babu komai sai buhun hatsi da wani tsohon akwatin ƙarfe mai sabon kwaɗo.

Na aika aka kira Kawu Isufu, yayan mamaciyar, daga zaure. Dattijo ne mai tsoron Allah, har yakan yi yawa.

"Kawu, kai ka kulle kayanta?"

"Ni na. Tun da rai ya fita, ko allura ta zama ta magada. Ba a taɓawa sai an yi rabo."

"Akwatin wifi na ciki. Ƙarfe ya toshe shi, ba ya samun rezo. Najiba na son ganin uwarta."

"Ɗiyata, ba ni ɗaukar hakkin kowa bisa kaina."

Raina ya ɓaci, don daga ɗaki ina jin tsohuwar da za ta yi wankan tana tambaya ko ruwa ya yi ɗumi. Amma ba a cin Kawu da faɗa.

"To magadan nan su wane ne?"

Ya yi lissafi. "Najiba. Sai ni."

Na kira ta, na manna masa salular a kunne. Ban ji abin da ta ce ba.

"Ta yarda," in ji shi.

"Saura kai."

Ya daɗe yana laluben aljihu kafin mabuɗin ya fito. Akwatin wifi na ƙarƙashin zannuwanta, ya yi zafi kamar dankalin da aka tono daga toka, fitilarsa ja. Na fito da shi na ɗora a taga. Ja ta koma shuɗi muna tsaye a kanta, ni da shi.

Na shiga ɗakin, na roƙi matan su ba ni wuri, na yaye mayafin. Fuskar Inna ta sake, kamar ta gama tuyar ƙosai ta kishingiɗa. Nan ne kuka ya zo mini, na haɗiye shi, na kira Najiba ta bidiyo, na saita salular a kan fuskar.

"Ga ta nan, Najiba."

Hoton ya fito sarai. Najiba na zaune a ƙasa ta jingina da bango, ba ta ce komai ba, ba ta motsa ba. Shirun ya yi tsawo har na ɗauka rezon ne ya sake tsayawa, na kai yatsa zan katse in sake kira. Sai na ga ta ɗago hannu a hankali, ta shafa gilashin salularta daidai goshin Inna.