Ƴar Robar da Gwaggo Ta Wanke

Gwaggo ta turo ƙofar ɗakin da sallama, baho a hannu, bakinta har kunne.

"Malam, sun ƙare! Kwana biyar ke nan ko ɗaya bai faɗa ba."

Malamin gona yana kwance kan katifar da aka sauko masa da ita ƙasa, tun da hawa gado ya gagare shi. Autarsa tana gefe tana masa fifita. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Gwaggo, kuma shi ya tsamo ta bara, da wani baƙon ƙwaro mai fiffike ya shigo gari, tsutsarsa ta cinye tumatirin jama'a tun yana ganye. Lambun bayan gida shi ne cinta da shanta. In ya lalace, sai dai ta tattara ta koma zaman gidan suruki, abin da ko a mafarki ba ta so.

Dabararsa ba feshi ba ce. Wata ƴar roba ce, ba ta kai kan yatsa ba, ɗauke da ƙanshin macen ƙwaron. A rataye ta saman bahon ruwa, mazan su taho neman aure su nutse.

"Miƙo in gani," in ji shi.

Ya kai robar hanci, ya dube ta.

"Gwaggo, me kika yi mata?"

"Ƙura ce ta yi mata yawa, na ɗan dirje ta da soso da sabulu."

Dariya ta kama shi har ta koma tari, sai da Auta ta tallabo shi.

"Kin wanke amarya tas, ta yaya ango zai gane ta? Ba ƙarewa suka yi ba, suna can suna shagali a ganyenki."

Gwaggo ta dafe kai. Ita da duk unguwa ke yaba wa tsafta, yau tsaftar ce za ta kore ta daga gidanta.

"Auta, buɗe firiji, bayan kwalbar maganina akwai sabuwa. Kada ki taɓa ta da hannu, Gwaggo. Duk sati huɗu a canza. Wanka kuwa ki bar wa kanki."

"Wa zai tuna min? Ai kai ne kalandata."

Ya dubi Auta. "Za a tuna miki."

Washegari ta tarar da bahon ya yi baƙi da ƙwari. Ta leƙa ta katanga ta ƙwalla masa albishir, ya ɗago mata hannu ta taga. Kwana tara bayan nan, da hantsi, tana tsame gawar ƙwari da mataci, ta ji kukan Auta. Matacin ya suɓuce mata cikin ruwan.

Da masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, Auta ta shigo da gwangwani.

"Ya ce in ba ki. A ranar da kika kawo masa bahon ya sa na zaunar da shi."

Ambulan shida ne, kowace da roba a naɗe, da ranar canji a baya. Gwaggo ta jera su a tabarma, godiya ta cika mata ciki. Mutumin da ko kofi ba ya iya riƙewa ya zauna yana lissafa mata watannin da ya san ba zai gani ba.

Rubutun ta farko tsaf yake. Na ta uku ya fara karkacewa. A ta shida, zane ɗaya kawai ya iya ja, Auta ce ta ƙarasa.

Gwaggo ta goge hannunta a zani, ta ɗora yatsa kan zanen. Ta ƙofar lambu ana hango tumatir ya fara ja.